Faɗakarwa A Kan Ƙurar Auduga Da Ƙirjin Ma'aikaci

 

Ku sani, kaka ta yi, iska ta juya, auduga ta fashe a gonaki tun daga ƙasar Gusau da Funtuwa da Malumfashi har zuwa Gombe. Ba da daɗewa ba motoci za su kama hanya da kaya zuwa gidajen gurza, kowa kuwa maganarsa ɗaya ce, nawa kilo ya kama bana, nawa tan zai kai. To, mu a wannan mako muna so mu ɗaga wata magana da ba a yin ta a bakin sikeli, watau ƙurar da ke tashi daga audugar nan, da wurin da take sauka. Gama ƙura idan ta tashi ba ta ɓacewa, sai ta sami masauki, kuma masaukin da ya fi kusa da ita shi ne ƙirjin mutumin da ke tsaye a kanta. Abin da muke nufi da wannan faɗakarwa shi ne mu nuna cewa cutar da ƙurar nan ke haddasawa sananniya ce, an san sanadinta, an san hanyar tsare ta, saboda haka barin ta sakaci ne, kuma alhakinsa yana wuyan mutane sanannu.

Auduga ba baƙuwa ba ce gare mu. Iyayenmu mata sun gurje ta a kan magurji, sun shiɓe ta da baka, sun kaɗa ta da mazari, masaƙa suka mai da zaren sawaye, marina suka tura shi baƙi, fatake suka kai shi har bayan Sahara. Ba mu ce babu ƙura a cikin wannan aiki ba, amma aiki ne na 'yar ƙwarya guda a tsakar gida, iska na kaɗawa, mai yi kuma ta tashi ta huta in ta ga dama. Al'amari ya sake ne da zuwan inji, wanda ke cinye kayan mota guda a cikin ɗaki rufaffe, mutum na tsaye a gabansa tun safe har yamma. A shekarar 1902 aka kafa ƙungiyar Turawan auduga a birnin Manchesta, wadda mutanenmu suka sani da sunan Bisije, ita ce ta kakkafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau da Malumfashi da sauran garuruwa. A shekarar 1957 babbar masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin saƙa na Lankasha, wasu kuma suka biyo bayanta a Kaduna da Kano, har dubban mutane suka sami abinci a cikinsu. Yawancin masaƙun nan sun rufe, ita ta farkon tun 2002. Amma kada wani ya ce ai magana ta wuce tare da su. Gidajen gurza suna nan suna aiki kowace kaka, masu ɗura katifa da matashin kai suna nan a kasuwanni, tsofaffin ma'aikatan masaƙa suna nan a unguwanni da ƙirazansu, ga kuma maganar farfaɗo da masaƙu ba ta fita daga bakin mahukunta ba.

Mas'ala ta farko, mene ne a cikin ƙurar? Mai kallo zai zaci farin gashin audugar ne ke yin ɓarna, alhali kuwa shi mafi yawansa a hanci yake tsayawa, a fyace shi. Mugun yana cikin dattin da ke biyo audugar daga gona, watau ɓarɓashin busasshen ganye, da 'yan ganyayen nan da ke rungume da ƙwallon auduga daga gindinsa, da karmami, da ƙasa. A jikin waɗannan akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, a fatar ƙwayoyin kuma akwai wani dafi da likitoci ke kira endotoksin, wanda ba ya mutuwa ko da ƙwayar ta mutu ta bushe. Idan inji ya daki audugar, sai dattin ya niƙe ya zama gari mai laushi wanda ya fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba, ya rataya a iska. Hujjar wannan kuwa a fili take, domin an jarraba an gani, audugar da aka wanke da ruwan zafi kafin a sarrafa ta mafi yawan sharrinta yana tafiya. Ashe ke nan gwargwadon dattin auduga, gwargwadon cutarwarta. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Mas'ala ta biyu, yaya take yi a cikin jiki? Hanyar numfashi tamkar itaciya ce da aka kifar, gindinta a maƙogwaro, ta rabu biyu, kowane reshe ya yi ta rarrabuwa har ya kai ga 'yan rassa sirara ƙwarai a can cikin huhu. An shimfiɗe cikin hanyoyin nan da majina da wasu 'yan gasu ƙanana masu share datti suna turo shi sama, mutum ya kakkaro ya tofar. Ma'aikaci a cikin sa'a takwas ta aiki yana shaƙar iskar da za ta cika ɗaki ƙarami, to, idan iskar nan cike take da ƙura, sai masu shara su kasa. Dafin ya taɓa bangon hanyoyin, jiki ya tashi faɗa da shi, bangon ya kumbura, naman da ke kewaye da shi ya tsuke, hanya ta ƙuntata. Shi ne mutum zai ji kamar an ɗaure masa ƙirji da igiya. Wannan cuta ita likitoci ke kira bisinosis, kuma ƙurar rama da ta wasu tsirrai masu zare tana kawo irinta.

Mas'ala ta uku, alamarta. Wannan cuta tana da wata shaida da ta bambanta ta da sauran, ita ce takan taso ran da mutum ya koma aiki bayan hutu. Ma'aikaci ya huta Lahadi lafiya lau, ya shiga aiki Litinin, kafin la'asar ƙirji ya ɗaure, ga haki, ga busasshen tari. Talata abin ya sassauta, Laraba ya manta da shi, sai wata Litinin. Don haka Turawa suka yi mata laƙabi da ciwon ranar Litinin. A wurinmu kuwa tana iya zama ranar komawa bayan hutun Salla, ko farkon buɗe gidan gurza. Wannan sauƙin da ake samu a tsakiyar mako shi ne yaudararta, gama mutum sai ya ce jiki ya saba, alhali ɓarna tana nan tana cin ƙasa kamar gara. Wani likitan Ingila, Richard Schilling, wanda ya binciki ma'aikatan masaƙun Lankasha a shekarun 1950, ya jera ta daraja daraja. Da fari ƙirji yakan ɗaure a wasu ranakun komawa aiki. Sa'an nan ya zama kowace ranar komawa. Sa'an nan ya zarce zuwa sauran ranaku. Daga ƙarshe, bayan shekaru, numfashi ya naƙasa naƙasa ta dindindin, mutum ya bar aikin amma haki bai bar shi ba, tafiya daga gida zuwa bakin kasuwa sai ya tsaya sau uku. A darajojin farko, idan aka raba mutum da ƙurar, yakan sami sauƙi. A ta ƙarshe kuwa magani sai dai ya rage wahala, abin da ya lalace ba ya komowa.

Akwai kuma wani zazzaɓi da kan kama sabon shiga a kwanakinsa na farko, da sanyi da ciwon kai da kasala, ya wuce da kansa bayan 'yan kwanaki. Irinsa yakan sami masu ɗura katifa da ƙazamar auduga. Mutane sukan ɗauke shi zazzaɓin sauro, alhali gargaɗi ne cewa ƙurar wurin ta yi yawa.

Tambihi. Bisinosis dabam, tarin tibi dabam. Ba a ɗaukar bisinosis daga mutum zuwa mutum, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai ita ko raba masa kwano. Hoton ƙirji ma sau da yawa ba ya nuna ta, ana gane ta ne da labarin aikin mutum, da wata na'ura da ake hura wa iska da ƙarfi ta auna numfashi, kafin shiga aiki da bayan tashi. Amma duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu, balle da rama da gumin dare ko jini a kaki, to, ya je a gwada kakinsa, gama gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe dominsa.

Kada a zaci jiya aka gano wannan al'amari. Tun a shekarar 1700 wani likitan Italiya, Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya ambaci tarin da ke damun masu gyaran rama da dangoginta. A 1831 likita James Kay na Manchesta ya bayyana ciwon ƙirjin masu kaɗi a masaƙun garinsa. A 1877 wani likitan Faransa, Adrien Proust, ya yi amfani da sunan nan bisinosis. Amma Ingila ba ta fara biyan diyya ga masu ita ba sai 1941, watau shekara 110 bayan bayanin likita Kay. Ku duba tsawon wannan jinkiri, ku ƙiyasta yawan waɗanda suka shuɗe a tsakani suna haki, ana ce musu hayaƙin gari ne ko raunin jiki.

A Amurka masu masaƙu sun daɗe suna musun cewa akwai cutar a ƙasarsu, har ma'aikatan da numfashinsu ya ƙare suka haɗa kai suka kai kuka. A 1978 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta kafa iyaka, cewa a ɗakin kaɗi ƙura kada ta wuce maikrogiram 200 a cikin iskar da ta cika mita ɗaya tsawo da faɗi da bisa, watau kashi ɗaya cikin 5,000 na giram, a ɗakin saƙa kuwa 750. Masu masaƙu suka kai ƙara, suka ce kuɗin gyaran zai karya su. A 1981 Kotun Ƙoli ta yanke cewa doka ba ta ce a ɗora lafiyar ma'aikaci da kuɗin mai masaƙa a sikeli guda ba, muddin gyaran mai yiwuwa ne, tilas a yi shi. Da aka yi, sai kuɗin da aka kashe bai kai abin da aka tsorata da shi ba, sababbin injunan da aka sa suka fi tsofaffin sauri, cutar kuma ta ragu har ta koma ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari. A birnin Shanghai na ƙasar Sin, tun 1981 likitoci suka riƙa bin ma'aikatan auduga 447 da ma'aikatan siliki 472 shekara da shekaru suna auna numfashinsu, suka ga na masu auduga ya fi saurin raguwa, raguwar kuma tana tafiya da yawan dafin da suka shaƙa. Kusa da mu, a ƙasar Sudan, inda Hausawa da yawa suka ci abinci a gonakin audugar Jazira, likita Mustafa Khogali ya sami cutar a cikin ma'aikatan gidajen gurza, ya buga bayaninsa a 1976. Wannan ya isa amsa ga mai cewa aikin gurza na 'yan watanni ne, ba ya komai.

Mun san abin da za a ce mana. Mai inji zai ce, kasuwa ta mutu, yadin waje ya cika Kantin Kwari, wuta babu, man inji ya yi tsada, ina za a sami kuɗin injin zuƙe ƙura? Muna amsa masa da ladabi cewa wahalar da ya faɗa gaskiya ce, amma kuɗin nan da yake ganin ya tsimi, ba ɓacewa ya yi ba, wani ne ke biyansa da ƙirjinsa, ba tare da an yi ciniki da shi a kan haka ba. Lebura ya sayar da ƙarfinsa na yini, bai sayar da numfashinsa na tsufa ba. Wanda ya karɓi abin da ba a sayar masa ba kuwa, malamai sun san sunan wannan a babin ciniki da ijara. Shi kuma lebura zai ce, da yunwa gara ƙura. Ba mu ce ya bar aiki ba, mun ce a gyara wurin aikin. Wani kuma zai ce, ai kowa da kwanansa. Haka ne, amma ba mu taɓa ganin attajirin da ya bar ƙofar rumbunsa a buɗe ya ce dukiya da kwananta ba. Wanda ya san kulle dukiya ya san kulle lafiya.

Akwai wata al'ada da ta bazu, cewa idan aka tashi aiki a sha madara ko nono, ko a lashi man shanu, wai yana wanke ƙura. Jama'a, madara abinci ce mai kyau, amma hanyarta ciki, ƙura kuwa hanyarta huhu, ba su gamuwa. Haka nan naɗe hanci da bakin rawani ko hankici yana tare manyan ɓarɓashi, amma laushin garin nan ratsa shi yake yi kamar ruwa a rariya.

To, mene ne abin yi? Kowa da nasa rabo.

Manomi ya tsinci audugarsa da tsabta, ya raba ta da ganye da ɓawo, kada ya zuba ta a ƙasa tsirara, kada ya tara ta da raɓa a jikinta. Auduga mai tsabta ta fi daraja a sikeli, ta kuma fi sauƙi a ƙirjin wanda zai gurje ta.

Ɗan kasuwa da dillali, ga maganar da muka ce za mu komo kanta. Sananne ne akwai masu yayyafa wa auduga ruwa, ko su cusa mata yashi da datti domin ta yi nauyi. Da ma an san wannan algus ne, cin dukiyar mai saye ne. Yau muna ƙara muku da cewa cutarwarsa ba ta tsaya a aljihu ba. Danshi shi ne abincin ƙwayoyin nan da fumfuna, auduga jiƙaƙƙiya da aka danne a buhu gona ce gare su. Yashin da aka zuba a kasuwar ƙauye kuwa, inji ne zai fitar da shi, wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba ya shaƙe shi. Mai algus yana cutar mutum biyu, wanda ya gani da wanda ba zai taɓa gani ba.

Mai gidan gurza da mai masaƙa su rufe bakin injunan da ke fid da ƙura, su sa bututun da ke zuƙe ta tun daga inda take tashi, su buɗe wa ɗaki hanyar iska. A daina share ƙasa da busasshiyar tsintsiya ana cikin aiki, a daina hure inji da iska mai ƙarfi, gama wannan mai da kwantacciyar ƙura sama ne, a zuƙe ta da na'ura ko a share da danshi. A ba kowane ma'aikaci takunkumi na gaskiya, irin mai lamba N95, wanda ke kama fuska ba ɓaraka, a riƙa sake shi idan ya toshe, da sanin cewa takunkumi mataimaki ne, tushen gyara shi ne rage ƙurar. A auna numfashin mutum ran da aka ɗauke shi, a kuma sake aunawa kowace shekara. Wanda aka ga alama gare shi a mai da shi sashen da babu ƙura, ba tare da an rage masa albashi ba, gama idan faɗin gaskiya zai jawo kora, ba wanda zai faɗa. Masu ɗura katifa su yi aikinsu a fili, iska na bayansu, su nisanci audugar da ta yi baƙi ko ta yi wari, su kuma kori yara daga wurin.

Ma'aikaci ya bar taba, domin hayaƙinta yana kashe masu sharar nan na hanyar numfashi, taba da ƙura idan suka haɗu ɓarnarsu ta fi ta kowane ɗaya shi kaɗai. Ya kaɗe tufafin aiki a wurin aiki, kada ya kai wa iyali. Idan ya je asibiti ya faɗa wa likita sana'arsa, da ranar da ƙirjin ke ɗaurewa, gama wannan kalma guda tana iya zama mabuɗin gane ciwonsa.

Malamai, Allah ya gafarta muku, ku ne mutane ke fara kawo wa kuka kafin su je ga likita. Idan mai tari ya zo, ku tambaye shi aikin me yake yi, kuma wace rana abin ya fi tsananta. In ya ce ranar komawa aiki, ku tura shi a auna numfashinsa tun hanya ba ta ƙuntata ba. Ku kuma lura da manyan almajiranku da ke zuwa neman na sabulu a gidajen gurza da rumfunan katifa da rani, amana ce iyayensu suka ba ku, kuma mai karatu da numfashi yake karatu. Maganarku a kan algus ta fi tamu shiga kunnen 'yan kasuwa, ku yi ta.

Hukuma kuwa ba ta bukatar sabuwar doka kafin ta motsa. Dokar ma'aikatu ta 1987 ta wajabta wa mai ma'aikata ya tsare mutanensa daga shaƙar ƙura mai cutarwa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi a asusun da ake biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta daɗe da lissafa bisinosis cikin cututtukan sana'a. Abin da ya rage shi ne masu duba ma'aikatu su riƙa shiga gidajen gurza a lokacin da inji ke juyawa, da ma'aunin ƙura a hannu. Duk kuma wanda za a ba rancen gwamnati domin tayar da masaƙa, a sa injin zuƙe ƙura cikin sharuɗɗan rancen tun daga takardar farko.

Muna son auduga ta komo da darajarta, muna son mu ji ƙarar masaƙu a Kakuri da Kano kamar da. Amma Ingila ta yi jinkirin shekara 110 domin tana koyo ne da jikin mutanenta, mu kuwa an riga an yi mana karatun, ba mu da hanzarin maimaita kuskurensu. Rigakafi ya fi magani, balle a cutar da ƙarshenta ba ta da magani. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman maƙwabcinsa mai aikin gurza, tun kafin a buɗe inji bana.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a noma da ciniki. Haza wassalam.